Yadda Na Yi Wa Kakar Surukina Jana'iza Tana Zaune

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko da na so in manta, iyalina ba za su bari ba. Shekara biyu ke nan da faruwar abin, amma har gobe in muka zauna cin abinci hira ta yi sanyi, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Abba, don Allah ba mu labarin matar nan da ta rasu." Shi ke nan sai falo ya kaure da dariya, ni kuwa in ci gaba da cin tuwona kamar ban ji ba. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, kafin ku ji shi a bakinsu da gishirin da suka ƙara masa. (Ko da yake, kamar yadda za ku gani, ba ni da bakin yin ƙorafi a kan ƙarin gishiri.)

Bari in koma baya kaɗan. Ni ɗan Fagge ne, a Kano. Lokacin da muke samari akwai wani mai shagon kaset a bakin layinmu, ana ce masa Ɗanlami. Shagon ɗan tsurut ne, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a ƙofa. Sana'arsa ita ce ɗaukar waƙa daga faifai ya zuba maka a kaset. Yawancin samarin unguwa waƙar Indiya suke zuwa nema, amma mu huɗu muka ware kanmu, muka ce mu tsofaffin waƙoƙin Turawa muke ji, kiɗan rok, irin na masu dogon gashi da jita a wuya. Ba ma fahimtar ko rabin abin da suke faɗa. Amma muna ganin hakan ya ɗaga mu sama da sauran yaran layi, har tafiyarmu ta canza.

Shi Ɗanlami ba ya ba ka waƙa haka kawai, sai ya haɗa maka da tarihinta. Zai ɗora faifai, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya ce, "Kun ji mai gangar nan? Yatsa shida gare shi a kowane hannu." Ko ya ce, "Wannan a gidan yari aka rubuta ta, a bayan kwalin sigari." Mu kuwa mu saki baki muna haɗiya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa inda yake samo waɗannan labarai, alhali duk mun san mutumin nan ko Zariya bai taɓa wucewa ba.

Cikin duk waƙoƙin akwai ɗaya da ta kama ni fiye da sauran. Ba zan faɗi sunanta ba, don kada wani ya je ya bincika ya ƙara mini kunya. Namiji ne ke rerawa, mata suna yi masa amshi. Can wajen ƙarshe sai kiɗa ya lafa, a bar mace ɗaya ita kaɗai tana jan baiti, tana hawa sama, tana hawa. Daidai inda za ta sauke, sai numfashinta ya sarƙe, ka ji wani ɗan sauti kamar shessheƙa, sannan ganga ta dawo ta rufe.

Ranar da Ɗanlami ya fara sa mana ita, da aka zo wurin sai ya ɗage allura daga kan faifan. Ya ce, "Kun ji? Kuka take yi. Tana tsaye gaban makirufo aka miƙo mata takarda, mijinta ya mutu a yaƙi. Ta karanta, ta ce a ci gaba, sai ta gama aikin da ya kawo ta. Kwana bakwai bayan nan ita ma ta bi shi. Baƙin ciki." Shagon ya yi tsit. Abokina Sani, wanda ko a zaman makoki ba ya iya yin shiru, ranar bai ce uffan ba har muka rabu.

Da wannan labari na girma, da shi na hau jirgi. Yau shekarata ashirin da wani abu a garin Greensboro, a Amurka. Ina aiki a wani babban sito da ke kan titin Wendover, ni ke kula da masu lodin kaya. Rediyon wurin daga safe har yamma tashar tsofaffin waƙoƙi yake kamawa, nan fa na samu fili. Da an sa waƙa sai in ɗaga yatsa ɗaya sama in ce, "Kun san labarin wannan?" Abokan aikina, waɗanda aka haifa a cikin waƙoƙin, su tsaya suna kallona suna cewa, "Da gaske?" Har suka sa mini suna Farfesa. (Yanzu da nake tunani, ban tabbata yabo ba ne.) Kowa da waya a aljihunsa, minti ɗaya ya isa a gano gaskiya. Ko dai ba su damu su duba ba, ko kuma sun duba suka rufa mini asiri. Ni kaina ban taɓa dubawa ba. Me zai sa mutum ya binciki abin da ya riga ya sani?

Kuma labarin matar bai tsaya yadda Ɗanlami ya ba ni shi ba, ya yi ta girma a hannuna kamar ɗan riƙo. Wata shekara ma har jariri na ba ta, na ce ta tafi ta bar shi a tsumma. Wallahi ba da niyyar ƙarya nake yi ba. In na faɗi abu sau uku, sai in ji kamar na karanta shi a wani wuri.

To, sai babbar 'yata Fa'iza ta zo mana da maganar aure. Yaron sunansa Khalil, baƙar fata ne ɗan nan garin, ya musulunta tun yana jami'a, yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. Yaro mai ladabi, ba ni da abin da zan ce ya yi. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na yi ta jan maganar wata da watanni, ina cewa, "Ba mu san asalinsu ba, ba mu san wane irin gida ya fito ba." Har Fa'iza ta daina zama a falo in ina nan. Uwarta, Hajiya, ita ce ta gaji ta ce, "Alhaji, tunda gidan ne ba ka sani ba, ai gidan ba a sama yake ba. Shirya mu je." Kakanninsa ne suka raine shi, saboda haka wurinsu za mu.

A mota Hajiya ta ce, "Don girman Allah yau ka rage surutu. Sauraro muka zo yi." Na ce mata ni ba yaro ba ne. Na sha babbar riga da hula, na jera tambayoyina a kai kamar alƙali.

Gidan a gabashin gari yake, ɗan ƙaramin gidan jan bulo mai baranda da kujeru biyu. Kakar, Mama Lucille, ita ta buɗe mana ƙofa: 'yar gajeruwar tsohuwa, kai fari fat, idanu masu kaifi, ta haura saba'in. Ta rungume Hajiya kamar sun shekara da sanin juna. Mijinta, Baba Walter, yana da na'urar ji a kunne, amma daga baya na gane kashe ta yake yi in baƙi sun zo. Ita Mama Lucille mace ce da ba ta fashin coci, amma sai da ta tura Khalil har shagon da muke sayen naman halal ya sayo kaji. Ga dafaffen ganye, ga burodin masara, ga dankali mai zaƙi, irin wanda muke ce wa dankalin Hausa. (Hajiya ta raɗa mini cewa ko dankalin gidan ya fi ni son zumunci.)

Muka zauna a tebur, na fara aikin alƙalanci. Ina mahaifinsa? Me kakansa ya yi na sana'a? A nan aka haife ku? Tana amsawa cikin natsuwa, amma hirar ta ƙi tashi. In na yi tambaya aka ba ni amsa, sai a yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Fa'iza ta sunkuyar da kai tana juya abinci a faranti.

Can sai na ga ta kalli Khalil, shi kuma ya miƙe ya nufi kusurwar falo inda wani tsohon garmaho yake. Ya ce, "Baba, Fa'iza ta ce akwai waƙar da kake so. Muna da wani abu da za mu nuna maka." Ya ɗora faifai. Jita tana tashi na gane ta. Waƙata ce.

Ku fahimce ni. Na daɗe ina zaune a gidan mutane kamar an ɗaure ni, sai ga shi an buɗe mini ƙofar ɗakina. Na ajiye cokali, na gyara babbar riga, na ɗaga yatsa ɗaya sama.

Na ce, "Kun san labarin wannan waƙar?"

Khalil ya yi murmushi ya ce, "Ai shi ne abin da..."

Na ce, "Tsaya, ɗana. Ku yaran yanzu ba ku san komai a kan waƙoƙin ƙasarku ba. Zauna ka ji."

Ya zauna. Fa'iza ta ce, "Abba..." Na ɗaga mata hannu. Hajiya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na janye ƙafar na ci gaba. (Ita Hajiya ba ta san komai ba a lokacin. Ni dai ta sani.)

Da Turanci ake duk wannan, nawa mai kauri irin na Fagge. Na zuba labarin tiryan-tiryan. Na kawo takardar, na kawo mijin, na kawo jaririn. Har daidaita maganata na yi da faifan, yadda lokacin da kiɗa ya lafa na yi shiru, na nuna garmahon. Muryar ta hau, ta hau, sai ga ɗan sautin nan. Na sassauta murya na ce, "Kun ji? Kukanta na ƙarshe ke nan a duniya."

Falon ya yi tsit. Na ɗauka labarin ne ya ratsa su. Khalil ya buɗe baki ya kasa rufewa. Fa'iza ta rufe fuska da hannu biyu, na ce a raina, Allah sarki, yarinyar nan akwai tausayi.

Mama Lucille ce ta fara magana. Ta ajiye cokalinta, ta haɗa hannuwa a kan tebur, ta ce, "Kai, abin tausayi. Kwana nawa ka ce ta yi bayan nan?"

"Bakwai, Mama."

"Me sunanta?"

Nan na ɗan yi tuntuɓe, don Ɗanlami bai taɓa ba ta suna ba. Amma na farfaɗo da sauri. "An ɓoye sunan, Mama. Saboda mutuncin iyalinta."

Ta gyaɗa kai. "Sun kyauta. Kyakkyawa ce?"

"Sosai. Doguwa ce."

"Doguwa," ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. "To jana'izar fa? Mutane sun zo?"

Na ce, "Mama, coci ya cika maƙil har waje. Mutane suna kuka a titi."

Sai ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗaga ido sama, ta ce, "Na gode maka, Ubangiji. Kullum fargabata ke nan, kada ranar ta zo a rasa masu zuwa."

Ban gane ba. Na yi 'yar dariya irin ta wanda wasa ya wuce shi amma ba ya so a sani. Ta ce wa Khalil ya maido allurar baya kaɗan. Ya maido. Da aka zo inda kiɗa ke lafawa, tsohuwar nan tana zaune, da tawul ɗin kicin a kafaɗa, ta buɗe baki ta bi baitin. Muryar ta tsufa, ta yi ƙasa, ba ta kai can saman ba. Amma ita ce. Yadda take lanƙwasa ƙarshen kalma, yadda take jan numfashi kafin ta hau. Shekara kusan arba'in ina jin muryar nan, ko daga barci aka tashe ni zan gane ta.

Khalil ya ce da ƙaramar murya, "Baba, abin da muke so mu nuna maka ke nan. Kakata ce."

Na ji babbar rigar ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Yatsana har lokacin yana sama, na rasa yadda zan sauke shi ba tare da an lura ba. Ana cikin haka Baba Walter, da ya ga fuskokin mutane sun canza, ya kunna na'urarsa ya ce da ƙarfi, "Me ya faru? Wa ya mutu?"

Mama Lucille ta ce, "Kai ne, Walter. A yaƙi."

Ya ce, "Wane yaƙi? Ni da suka ƙi ɗauka soja saboda tafin ƙafata a shimfiɗe yake?"

Wannan ce ta fasa. Khalil ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Hajiya, matar da na yi shekara talatin da ita, ta yi dariya har da hawaye, tana goge ido da gefen mayafi. Na juya ga Fa'iza na ce da Hausa, "Ke ba ki san labarin da nake bayarwa a kan waƙar nan ba? Sau nawa na ba ki shi a mota?" Ta ce, "Abba, ni dai na san kana son waƙar. In ka fara bayani iyafis nake toshe kunnena da shi." Wato duk shekarun nan kujerar baya nake karantarwa.

Allah ya taimake ni lokacin la'asar ya yi. Ban taɓa murnar shigar lokacin salla kamar ranar ba, Allah ya yafe mini. Khalil ya shimfiɗa mini darduma a wani ɗaki. Bayan na idar na daɗe a zaune, ba don yawan addu'a ba. Da na ga ba za ta yiwu in tare a can ba, sai na sulale na fita baranda.

Ban jima ba na ji takunta. Ta zauna a ɗaya kujerar, ta miƙo mini kofin shayi mai ƙanƙara. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni. "Bar shi, ɗana. An daɗe ba a ba ni dariya haka ba. Kana so ka ji yadda aka yi?"

Ta ce shekarunta goma sha tara a lokacin, ta je New York wurin gwaggonta neman aikin 'yan watanni, tana kuma waƙa a cocin gwaggon. Wata rana wani mutum ya zo yana neman 'yan amshi mata uku, na yini ɗaya. Ba ta taɓa jin sunan ƙungiyar mawaƙan ba, kuma da ta gan su ba su burge ta ba: samari huɗu ramammu, gashi har kafaɗa, ɗakin sai warin taba. Ba ta da miji, ba ta ma haɗu da Walter ba tukuna. Baitin nan na ƙarshe ba ya cikin shiri. Sun gwada dabaru iri-iri bai yi ba, sai mai haɗa sautin ya ce, "Ke 'yar ƙaramar, gwada ke kaɗai."

"Ina cikin ja," in ji ta, "sai shugaban nasu, abin ya ɗebe shi, ya zube a kan gwiwa da jitarsa a gabana. Ka san irin wandunan da suke sawa a lokacin, kamar an zana musu a jiki. Sai ji na yi ƙiii! Wandon ya tsage ta baya har ƙasa. Na yi iya ƙoƙarina in riƙe, ta kuɓuce mini. Abin da kake ji ke nan. Dariya ce, ɗana. Na roƙe su a sake ɗauka, suka ce a'a, haka ya fi daɗi."

Na tambaye ta abin da ya biyo baya. Ta ce babu. Ta dawo Greensboro, ta samu aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare, ta yi shekara talatin da wani abu tana zuba wa yara abinci. Da faifan ya fito ta duba bayan kwalin, ba sunanta, ba na sauran matan biyu. An jera sunan kowa har da wanda ya ɗauki hoto. Ta ce, "Wani lokaci ina cikin kanti a Wendover ina zaɓen sabulu, sai in ji muryata tana fitowa daga lasifikar silin. In kalli mutane, kowa na tura keken sayayyarsa. Da farko nakan ji kamar in kama wani in ce masa ni ce. Yanzu sai dai in tsaya har ta ƙare, in ɗauki sabuluna in wuce."

Sai ta juyo ta kalle ni sosai. "Amma gaya mini gaskiya. Can garin naku, da gaske akwai waɗanda suka damu da matar nan?"

Wannan karon ban ƙara komai ba. Na ba ta labarin shagon Ɗanlami, da mu huɗu a tsaye, da Sani da ya kasa magana. Na kuma gaya mata abin da ko Hajiya ban taɓa gaya wa ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ina nan ƙasar, ban samu zuwa ba. Na yi sati guda in an tashi daga aiki ba na iya tayar da mota, sai in zauna a ciki ina maimaita wannan wurin, domin ita ce kaɗai muryar da nake ji tana taya ni kuka.

Sannan ta ce, "Ka ga ikon Allah. Ni ina dariyar wandon wani, kai kana kuka da ita." Ta goge gefen idonta da yatsa. "Ban sani ba ko haƙuri zan ba ka. Amma a nan ba wanda ya taɓa tambayar wace ce yarinyar nan. Ku kun kashe ni, gaskiya ne, amma ko ba komai kun lura akwai mutum a wurin."

Sai ta gyara zama, muryarta ta koma irin ta ɗazu. "To, yanzu yi mini tambayoyin da suka kawo ka. Na gaske, ba irin na tebur ba."

A nan ne kunya ta biyu ta kama ni, wadda ta fi ta farko ciwo, ko da yake ita ba wanda ya yi mata dariya. Na gane cewa abin da na yi wa muryar nan shi na yi wa jikanta. Tun kafin in taka gidan na riga na rubuta musu tarihi a kaina, daga abin da nake gani a talabijin da abin da nake ji a bakin mutanenmu in an sauko daga Juma'a. Na ce, "Mama, ba ni da tambaya. Ki ba ni labarinsa kawai." Ta yi kusan awa tana magana. Ba ta ɓoye aibinsa ba: taurin kai, da fushin da ba ya faɗa sai dai ya yi kwana biyu shiru. Ta gaya mini ranar da ya zo ya ce mata ya musulunta, yadda ta shiga kicin ta yi kuka, da yadda washegari ta kwashe naman alade daga firji ta kai wa maƙwabta. Ban katse ta ko sau ɗaya ba. Hajiya ta ce da ta leƙo ta taga ta gan ni shiru, ta ɗauka ba ni da lafiya.

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren.

Na kira Sani a Kano don in gaya masa. Na ce, "Sani, matar nan ta waƙar nan tana da rai. Na ci abinci a gidanta. Kuma dariya take yi, ba kuka ba." Ya ce, "Kai dai Amurka ta lalata ka. Matar da ta mutu tun muna yara?" Na ce zan turo masa hotonmu tare. Ya ce, "Kada ka turo. Bar ni da nawa." Ban tura ba. Na fahimce shi, domin ni ma na yi rashi. Yanzu in waƙar ta zo a rediyo ina jin dariyar ƙarara, har mamaki nake yadda kunnena ya yi shekara da shekaru yana jin wani abu daban. Wani lokaci ina kewar kukan.

Ita kuwa Mama Lucille ta samu abin wasa har ƙarshen rayuwarta, Allah ya ja kwananta. Ranar walimar biki ta kama hannun rigata tana zagayawa da ni wurin ƙawayenta na coci, tana cewa, "Wannan surukinmu ne. Shi zai yi jawabi a jana'izata, ya riga ya yi gwaji."

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. In za ka ba da tarihin mutum, fara duba teburin, ka tabbata ba shi ya dafa abincin da kake ci ba. In kuma ka ga tsohuwa ta haɗa hannuwa tana yi maka tambayoyi cikin ladabi tana gyaɗa kai, to malam, ajiye magana ka ɗauki cokali.